Lacca Kan Bindigar Ƙusa Mai Aiki da Iska: Yadda Ake Riƙe Ta da Yadda Ake Kula da Ita

Wannan lacca ce da aka shirya domin ɗaliban ajin yaƙi da jahilci masu koyon sana'ar kafinta. An buga ta a nan domin waɗanda ba su sami zuwa ba su karanta, su kuma karanta wa 'yan'uwansu.



Kowace shekara, da zarar an gama girbi, samari da yawa sukan bar ƙauye su tafi ci-rani. Wasu sukan nufi Kano ko Kaduna. Wasu sukan kai har Abuja da Legas. Daga cikinsu akwai masu samun aiki a shagon kafinta ko a wurin gini. A can sukan tarar da kayan aikin da ba su saba gani a gida ba. Ɗaya daga cikin waɗannan kaya ita ce bindigar ƙusa. Tana da sauri, tana rage wahala. Amma tana iya huda hannu, tana iya tsiyaye ido. Hannun da ke riƙe fartanya da damina shi ne ke riƙe guduma da rani. Idan ya nakasa, gona ta tsaya, sana'a ma ta tsaya. Shi ya sa aka zaɓi wannan batu a yau.

MECE CE BINDIGAR ƘUSA?

Na'ura ce da ke buga ƙusa cikin katako da ƙarfin iska. Kowa ya san injin da mai faci yake ba taya iska da shi. Irin wannan injin ne yake tara iska a cikin tanki. Daga tankin, iska tana bi ta cikin tiyo ta shiga na'urar. A cikin na'urar akwai wani ƙarfe mai kai da komo. Idan iska ta tura shi, sai ya doki ƙusa ta shige katako kafin ƙiftawar ido.

Ƙusoshinta ba ɗai-ɗai suke ba. A jere suke, an manne su da juna. Ana zura jerin a cikin wani dogon gida da ke jikin na'urar.

Bindigar ƙusa iri-iri ce. Akwai ƙarama ta masu kujeru. Akwai ta masu silin. Akwai babba ta masu rufin gida. Akwai kuma ta buga daɓen katako, wadda za a fi yin bayani a kanta.

MAI BUGA DAƁEN KATAKO

A ƙasar nan an fi yin daɓe da ƙasa ko siminti ko tayil. A Amurka da ƙasashen Turai kuwa, gidaje da yawa daɓensu na katako ne. A can aka fi amfani da wannan na'ura. Amma a manyan biranen Nijeriya ma akan yi daɓen katako a wasu gidaje da wuraren wasa.

Katakon daɓe yana da siffa ta musamman. Gefe ɗaya yana da harshe, ɗaya gefen yana da tsagi. Harshen wannan yana shiga tsagin wancan. Na'urar tana zama a bakin katako, tana buga ƙusa a karkace ta gindin harshen. Idan aka kawo katako na gaba, sai ya rufe kan ƙusar. Shi ya sa ba a ganin ƙusa a saman daɓen.

Wannan na'ura ta bambanta da sauran. A samanta akwai wani dunƙulallen kai. Mai aiki yana dukan kan da guduma mai bakin roba. Dukan yana yin aiki biyu: yana matse katako ya haɗu da ɗan'uwansa, yana kuma buɗe wa iska hanya ta harba ƙusa. A lura da wannan sosai. Wasu irinta suna da makulli a wurin riƙo, wasu ba su da shi. Wadda ba ta da shi, muddin tiyo yana jikinta, duk abin da ya doki kanta zai iya sa ta harba.

Ƙusarta ba ta shiga siminti. Dole a fara shimfiɗa faifan katako ko sandunan katako a ƙasa, sannan a buga daɓen a kansu.

HAƊARIN DA KE CIKI

A Amurka an ƙidaya masu rauni. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta duba shekarun 2001 zuwa 2005. Ta gano cewa kimanin mutum 37,000 ake kaiwa asibiti cikin gaggawa kowace shekara saboda raunin bindigar ƙusa. A shekarar 2011 wasu hukumomi biyu masu kula da lafiyar ma'aikata, OSHA da NIOSH, suka fitar da littafin gargaɗi. A ciki an nuna cewa a wani bincike, biyu daga cikin kowane yaran kafinta biyar sun ji rauni da ita a cikin shekara 4 na koyon aiki. Fiye da rabin raunukan a hannu da yatsu suke.

Waɗannan lambobi na dukkan bindigogin ƙusa ne, ba na mai daɓe kaɗai ba. Amma darasin ɗaya ne. Ɗan koyo yana cikin haɗari babba, domin hannunsa bai saba ba.

Ga hanyoyin da rauni yake zuwa:

1. Ƙusa ta ci karo da ƙullin katako ko wata ƙusa, ta lanƙwashe ta fito ta gefe.
2. Ƙusa ta kuskure katako, ta tashi sama kamar harsashi.
3. Na'ura ta harba alhali ana ɗauke da ita.
4. Na'ura ta harba alhali ana ƙoƙarin cire ƙusar da ta maƙale.
5. Tiyo ya kufce, ya yi ta bulala a ɗaki.

KAFIN A FARA AIKI

Na farko, a karanta takardar da ta zo da na'ura. A nan amfanin karatu yake fitowa fili. Idan takardar da Turanci take, a nemi wanda zai fassara. Ko hotunan da lambobin da ke ciki ma suna koyar da abu da yawa.

Na biyu, a sa tabarau na kare ido. Tabarau na ado ba ya tare ƙusa. A nemi na aiki, mai kauri, mai rufe gefen ido. Duk wanda ke cikin ɗakin ya sa nasa, har da mai miƙo katako. A toshe kunne da abin toshe kunne, domin ƙarar tana rage ji a hankali. A sa takalmi rufaffe mai tauri. Silifa ba takalmin wannan aiki ba ne.

Na uku, a duba na'urar alhali babu tiyo a jikinta. A ga ko akwai notin da ya kwance. A ga ko akwai wurin da ya tsage. A duba gindinta, wato wurin da take zama a kan katako. Gindin ya dace da kaurin katakon da za a buga. A share shi, kada tsakuwa ta karce daɓen mai gida.

Na huɗu, a duba tiyo daga farko har ƙarshe. Tiyon da ya tsage a canza shi. Ɗaure shi da robar taya ba gyara ba ne.

Na biyar, a daidaita ƙarfin iska. A jikin injin akwai agogo mai nuna ƙarfin iska. Ana kiran awon PSI, kuma haka aka rubuta a fuskar agogon. Yawancin masu buga daɓe suna aiki tsakanin 70 da 100. Amma lambar da aka rubuta a jikin na'ura ko a takardarta ita za a bi. Kada a wuce ta. A fara da ƙaramar lamba, a gwada a kan guntun katako. Idan kan ƙusa ya tsaya a waje, iska ta yi kaɗan, katako na gaba ba zai zauna ba. Idan harshen katako ya tsage, iska ta yi yawa. Idan kan ƙusa ya kwanta daidai a gindin harshe, an dace.

Na shida, a haɗa tiyo tukuna, sannan a zuba ƙusa. Dalili shi ne, wani lokaci na'ura takan motsa da kanta a daidai lokacin da iska ta shige ta. Idan babu ƙusa a ciki, babu abin da zai fita. A kuma yi amfani da irin ƙusar da aka ƙera na'urar dominta. Ƙusar da ba tata ba ita ce ke yawan maƙalewa.

Na bakwai, a tambayi mai gini inda wayar lantarki da bututun ruwa suka bi. Idan a bene ake aiki kuma ƙasan katako ne, kada kowa ya tsaya a ƙarƙashi.

Akwai gargaɗi ɗaya mai girma. Kada a taɓa haɗa bindigar ƙusa da tukunyar iskar masu walda, ko tukunyar gas ta girki, ko wata tukunyar iska. Ko da wutar lantarki ta ɗauke, ko da aiki ya matsa, kada a yi. Iskar oksijin idan ta haɗu da man da ke cikin na'ura tana iya kamawa da wuta, na'urar ta fashe. Iskar injin kaɗai aka yarda da ita.

LOKACIN AIKI

Mai aiki ya tsaya da kyau, ƙafafunsa a buɗe. Ya zaunar da na'ura sosai a bakin katako kafin ya doka. Idan ta karkace, ƙusa za ta bi wata hanya. Kada ƙafarsa ta kasance a gaban bakin na'ura. Hannun mai taya shi ya yi nesa da wurin bugu da aƙalla inci 12, wato ƙafa ɗaya.

Duka ɗaya mai kyau ya isa. Ba a buƙatar ƙarfin faskare, domin iska ce ke yin aikin. A doka da gefen roba na gudumar. Gefen ƙarfe yana lalata kan na'ura. Kafin a ɗaga guduma, a waiwaya a ga babu kowa a baya.

Ga katako mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, akan bar tazarar inci 8 zuwa 10 tsakanin ƙusa da ƙusa. A ƙarshen katako kuma, a ja baya da inci 1 zuwa 3, domin kada bakin ya tsage. Kada a buga ƙusa a kan wata ƙusa.

Layin farko da layukan ƙarshe suna kusa da bango. A nan na'ura ba ta samun wurin zama, guduma ma ba ta samun wurin lilo. Kada a tilasta. A buga waɗannan da hannu ko da ƙaramar bindiga.

A bar ɗan fili tsakanin daɓe da bango, kamar kaurin katakon. Katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu. Kowa ya ga ƙofar da take ƙin rufuwa a watan Agusta. Haka daɓe yake. Idan babu filin, zai tashi ya yi tozo. Saboda wannan ne ake ajiye katakon a cikin ɗakin na wasu kwanaki kafin a buga shi, domin ya saba da iskar wurin.

Ga masu riƙe bindiga mai kunama, kamar ta silin da ta rufi, akwai ƙarin bayani. Kunamarta iri biyu ce. Akwai wadda sai an danna bakinta a katako, sannan a ja kunama, ƙusa ɗaya ta fita. Akwai kuma wadda ake riƙe kunama a danne, duk inda bakin ya taɓa sai ta harba. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa haɗarin ta biyun ya ninka na ta farkon sau biyu. Ɗan koyo ya riƙe ta farko. Kada a ɗaure kunama da waya. Kada a cire abin tsaron da ke bakinta don neman sauri. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

A kowane lokaci, a ɗauka cewa akwai ƙusa a cikinta. Ba a nuna ɗan'uwa da ita ko da wasa. Ba a ɗaukarta ta tiyo. Ba a hura iskar injin a jikin mutum don kakkaɓe ƙura, domin tana iya cusa datti cikin ido ko ta fasa dodon kunne.

YAUSHE AKE CIRE TIYO?

A haddace waɗannan guda biyar:

1. Idan ƙusa ta maƙale.
2. Idan za a gyara ko a daidaita wani abu.
3. Idan za a miƙa wa wani.
4. Idan za a koma wani ɗaki ko a hau tsani.
5. Idan za a tafi salla, ko cin abinci, ko an tashi aiki.

Idan ƙusa ta maƙale, a cire tiyo, a fitar da sauran ƙusoshin. Sannan a buɗe bakin yadda takarda ta nuna, a zare ƙusar da filaya. Kada a leƙa bakin na'ura da ido. Kada a ci gaba da dukanta wai ko za ta fito.

KULA DA NA'URA

A cikin na'urar akwai zobban roba masu tare iska. Idan suka bushe, sai su tsage. Saboda haka kowace safiya, kafin a haɗa tiyo, a ɗiga mai kaɗan ta ƙofar da iska ke shiga. Ɗigo biyu zuwa biyar ya isa, gwargwadon abin da takarda ta ce. Akwai mai na musamman domin kayan iska, shi za a saya. Baƙin man mota yana iya cinye zobban. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo. Akwai kuma na'urorin da aka ƙera ba sa son mai ko kaɗan. Takarda ce za ta faɗa.

Bayan aiki a goge ta da busasshen tsumma. A share gidan ƙusa, a fitar da garin katako. Kada a tsoma ta cikin fetur ko kananzir. A ɗaure notin da ya kwance. Kada a riƙa dukanta babu ƙusa a ciki, domin hakan yana gajiyar da ƙarfen da ke bugu.

Ƙurar hunturu abokiyar gabar wannan na'ura ce. Idan an cire tiyo, a rufe ƙofar iska. A mayar da na'ura cikin akwatinta, a ajiye inda yara ba za su kai ba. Ƙusoshin ma a ajiye su a busasshen wuri, kada su yi tsatsa.

Idan aka ji tana huci, wato iska tana zurara, ko ƙarfinta ya ragu, a daina aiki da ita. A kai wa wanda ya san gyaranta. Yawanci zoben roba ne ya mutu, kuma canza shi ya fi sayen sabuwa sauƙi.

KULA DA INJIN ISKA

Iska tana ɗauke da laima. Idan injin ya matse ta, laimar takan zama ruwa ta kwanta a gindin tanki. Ruwan yana sa tsatsa ta ci tankin daga ciki, inda ido ba ya gani. A ƙarƙashin tanki akwai ɗan famfo. Kowace rana bayan aiki, a kashe inji, a rage iska, a buɗe famfon ruwan ya fita. Da damina ruwan ya fi yawa.

Idan tanki ya huje, kada a kai wa mai walda ya like. Tankin da tsatsa ta huda ya riga ya yi rauni, zai iya fashewa. A canza shi. Akwai kuma wani ɗan bawul da ke sakin iska da kansa idan ta yi yawa. Kada a toshe shi. A riƙa share matatar iska, a riƙa duba man inji idan mai shan mai ne.

Idan da janareto ake aiki, ko injin mai shan fetur ne, a ajiye shi a waje, nesa da taga da ƙofa. A cikin hayaƙinsa akwai guba marar wari, marar launi. Tana kashe mutum a rufaffen ɗaki.

IDAN TSAUTSAYI YA AUKU

Idan ƙusa ta shige jiki, kada a zare ta. Wasu ƙusoshin suna da ƙayoyi a jiki, zarewa tana ƙara yaga nama. Ƙusar da ke ciki kuma tana iya zama ita ce ta toshe jini. A sa tsabtataccen ƙyalle a kewayenta, a hana ta motsi, a garzaya asibiti. A tafi da irin ƙusar domin likita ya gani.

Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai, ko kashin shanu a kan rauni. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma rauni mai zurfi shi ta fi so. A tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar rigakafinta. Ko da ramin ƙarami ne a ido, a je asibiti, domin ƙusa tana iya taɓa jijiya ko ƙashi.

Idan a ido ne, kada a murza, kada a taɓa. A kife ƙaramin kofi mai tsabta a kan idon, a ɗaure a hankali, a tafi asibiti nan take.

HAƘƘIN MAIGIDA DA NA YARO

Yaron da ke koyon sana'a amana ne a hannun maigidansa. Iyayensa sun turo shi da ido biyu da yatsu goma. Maigida ya nuna masa aikin kafin ya damƙa masa na'ura. Ya tsaya a kansa a kwanakin farko. Ya saya masa tabarau. Kuɗin tabarau bai kai kuɗin asibiti ba.

Shi kuma yaro kada ya ji kunyar cewa bai iya ba. Ya ce, "Maigida, don Allah a nuna mini." Matambayi ba ya ɓata. Idan ya ga tiyo ya tsage ko abin tsaro ya lalace, ya faɗa cikin ladabi. Idan gajiya ta kama shi, ya huta. Kada ya sha wata ƙwaya wai don ƙarin ƙarfi, domin wannan aiki yana son hankali a kwance.

Wanda ya iya karanta lambar agogo da takardar na'ura ya fi samun amincewar maigida, ya kuma fi tsira da lafiyarsa. Saboda haka a dage da zuwa aji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye, ya sa albarka a sana'a. Wassalamu alaikum.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. Me ya sa ake haɗa tiyo kafin a zuba ƙusa?
2. Faɗi lokuta biyar da ake cire tiyo.
3. Me ya sa ake zubar da ruwan tanki kowace rana?
4. Me za a yi idan ƙusa ta shige hannun mutum?